Tabarau, Filasta, Ɗigo ko Tiyata: Wanne Ya Dace da Bakwainin da Idonsa Ya Karkace?

Ranar da aka sallamo bakwaini daga kwalba, ba mai ta ido. Uwa tana fama ya kama nono, uba yana lissafin sauran kuɗin asibiti, kaka kuwa jira take a ɗora shi a ma'auni a ce ya ƙaru. Maganar ido sai can gaba take tasowa, bayan wata shida ko shekara biyu, sa'ad da wani ya lura ido ɗaya yana zamewa wajen hanci, ko yana ficewa waje in yaron ya gaji. Daga nan shawarwari suke yawa. Wannan ya ce harara-garke ne, haka Allah ya yi shi, a bar shi. Wancan ya ce a kai a yi masa aiki a huta. Wata ta ce ɗan ƙanwarta tabarau kawai aka ba shi. Wata kuma ta ga an liƙe wa yaro ido da filasta a asibitin Idi-Araba a Legas, ta dawo gida tana salati.

Duk waɗannan hanyoyi ne da likitoci ke bi, har jiran ma yana da muhallinsa. Sai dai ba abu ɗaya suke gyarawa ba. Akwai daidaituwar ido, wadda mutane ke gani a fuskar yaro. Akwai kuma gani, wanda yaron kaɗai ya san halin da yake ciki, kuma ba zai faɗa ba, don bai san ana ganin da ya fi nasa ba. Iyaye sun fi damuwa da na farko, musamman in 'ya mace ce ana hangen maganar aure. Amma karkata ana iya gyara ta ko mutum ya shekara talatin. Ganin da ya lalace saboda karkatar shi ne mai wa'adi: in yaro ya wuce shekara bakwai zuwa takwas, dawo da shi yana wuya ƙwarai. Da wannan nake auna duk zaɓin da ke ƙasa.

Dalilin da bakwaini ya fi shiga wannan matsala

A cikin yara gaba ɗaya, kamar biyu zuwa huɗu cikin ɗari ne ke samun karkatar ido. A cikin waɗanda aka haifa kafin lokaci adadin yana ninkawa, kuma gwargwadon ƙanƙantar jariri a ranar haihuwa, gwargwadon haɗarin. Ba ƙaramar jama'a ba ce: Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan haihuwar bakwaini a duniya, da jarirai fiye da 700,000 a shekarar 2020 kaɗai.

Abu uku ne ke jawo hakan. Na ɗaya, tantanin da ke can bayan ido, wanda ke ɗaukar hoton abin da ake kallo. Jijiyoyin jininsa suna fara tsirowa wajen mako na 16 na ciki, ba sa kai gefe-gefe sai dab da mako na 40. In an haifi jariri a mako na 30, aikin bai ƙare ba, kuma iskar oksijin da ake ba shi don ya rayu tana iya rikita tsirowar, jijiyoyin su fito a hargitse, su yi tabo, har su fizge tantanin. Likitoci suna kiran cutar ROP. Wani likita a Boston ta Amurka, Theodore Terry, shi ya fara bayyana ta a 1942, a farkon shekarun 1950 kuma aka gano hannun oksijin a ciki. Na biyu, idon bakwaini ya fi buƙatar tabarau, sau da yawa mai ƙarfi, wani lokaci kuma lambar tabarau ta ido ɗaya, wato ƙarfin gilashin da yake buƙata, ta yi wa ta ɗayan nisa. Na uku, ƙwaƙwalwa: ɗan zubar jini ko ƙarancin jini da wasu bakwaini ke samu a makonnin farko yana iya taɓa sashen da ke juya idanu tare.

Zaɓin farko: a zauna Legas ko a tafi gida wanka

Wannan yana zuwa tun kafin kowa ya ga karkata, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. Al'adarmu a Agege, Mile 12, Obalende da Alaba Rago ita ce, da an sallami mai jego, musamman haihuwar fari, a ɗora ta a mota zuwa gida. Ga bakwaini kuwa, lokacin sallamar shi ne daidai lokacin da ROP ke tasowa. Ana yin duba na farko wajen mako huɗu da haihuwa, a ci gaba duk mako ɗaya ko biyu har jijiyoyin su kammala. A Amurka ana duba duk jaririn da aka haifa a mako na 30 ko ƙasa, ko wanda bai wuce giram 1,500 ba. A Indiya an faɗaɗa zuwa mako 34 ko kilo 2, domin inda na'urorin daidaita oksijin ba su wadata ba, jarirai masu ɗan girma ma suna kamuwa. Yanayin asibitocinmu ya fi kusa da na Indiya.

A waje ba a ganin komai. Idon ba ya ja, ba ya hawaye, ba ya kwantsa. Mafi yawan masu cutar suna warkewa da kansu, amma wanda tasa ta kai ta magani, kwana uku ne likita ke da su. Saboda haka in ƙauye za a tafi, a dakata har likitan ido ya ce an gama. In Kano, Kaduna ko Zariya ne, ana iya tafiya, amma da takarda a hannu da ranar duba ta gaba, kuma an tabbatar akwai wanda zai duba ɗin.

In an ce sai an yi magani, hanya biyu ce: ƙona gefen tantanin da hasken leza, ko allura a cikin ido, irin su Avastin da Lucentis. Leza tana ɗaukar lokaci, tana buƙatar a kwantar da jariri da magani, kuma yaran da aka yi wa sun fi ƙarewa da tabarau mai kauri. Amma galibi in an yi an gama. Allura 'yan mintoci ce, kuma ta fi dacewa da cutar da ta taso can tsakiyar ido ko jaririn da jikinsa ba zai ɗauki dogon aiki ba. Aibinta shi ne cutar tana iya dawowa bayan wata uku ko huɗu, lokacin da kowa ya saki jiki, don haka sai an yi ta zarya asibiti na watanni. Likita ne zai yanke, amma ku gaya masa gaskiyar zamanku. Iyalin da suka san ba za su iya zaryar ba, su faɗa tun kafin a tsira allurar.

Jira

Jariri sabuwar haihuwa idanunsa sukan yi yawo lokaci-lokaci, wannan ba komai ba ne har zuwa wata uku ko huɗu. Ga bakwaini ana cire abin da ya rage masa a ciki: wanda aka haifa a mako na 32, in ya kai wata shida, ɗan wata huɗu ne a lissafin likita. Akwai kuma yaran da faɗin karan hancinsu ke rufe farin ido ta ciki, sai a ga kamar ido ya karkace alhali lafiya lau yake. Gwajin gida mai sauƙi shi ne a haska tocila daga ɗan nesa yaro yana kallonta: in ɗigon hasken ya sauka wuri ɗaya a tsakiyar baƙin idanun biyu, da alama daidai suke. Wannan ɗin ba ya maye gurbin asibiti, yana dai nuna gaggawa ko rashinta.

Jira ya ƙare a nan. Karkatar da ba ta tafiya, ko wadda ta wuce wata huɗu, ba ta gyara kanta. In kuma an ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko a hoton waya ido ɗaya ya yi fari kamar na kyanwa da dare, wannan na makon nan ne, don yana iya zama tabon ROP, yanar ido, ko ciwon dajin ido na yara. Kwalli, nonon uwa da ɗigon da mai kemis ya zaɓo ba su da aiki a nan. Wasu ɗigon ma, masu sinadarin sitiroyid, suna tayar da hawan jinin ido a yara.

Gwajin da komai ya rataya a kansa

Ba a zaɓar magani kafin a yi gwaji da ɗigon buɗe ido. Ana ɗiga wa yaro magani, ya yi zafi kaɗan, ya tsala kuka, a ce ku koma benci. Bayan rabin awa zuwa minti arba'in baƙin idon ya buɗe, tsokar da ke matsa gani ta saki. Sai a shiga ɗaki mai duhu, uwa ta rungume shi a cinya ta riƙe hannuwansa, likita ya haska wani ɗan siririn haske yana sauya gilasai ɗaya bayan ɗaya a gaban idon. Ba ya buƙatar yaro ya karanta harafi ko ya ce uffan. Daga nan ya ɗaura fitila a goshi ya leƙa can bayan idon. Yaranmu masu baƙin ido sosai wani lokaci ɗigon asibiti ba ya kama su da kyau, sai a ba da wani ɗigo mai ƙarfi da ake kira atirofin a riƙa sawa a gida na kwana uku a dawo. Ku tafi da hula ko mayafi, don rana za ta dame shi a hanyar komawa.

Ƙwararren mai gwajin tabarau yana iya wannan awon, amma bakwaini mai karkatar ido na likitan ido ne, in so samu ne wanda ya ƙware a kan yara. Masu baza tabarau a tebur a Oshodi, da masu zagayen gwajin ido kyauta a harabar masallaci, ba wurin kai shi ba ne. Lambar da aka auna wa yaro ba tare da ɗigo ba, ba abin dogaro ba ce.

Tabarau

Shi ne mafi sauƙi, kuma shi iyaye suka fi rainawa. Akwai nau'in karkata da ke bayyana tsakanin shekara biyu zuwa uku, ido yana shiga ciki musamman in yaro yana kallon abu kusa. Asalinsa yaron yana matsa ido fiye da ƙima don ya gani sarai, matsawar kuma ita ke jan idon wajen hanci. Da an sa masa tabarau daidai, cikin 'yan makonni sai ido ya miƙe. In an cire ya koma, sai a ce ai tabarau ya ɓata shi. Bai ɓata shi ba, aikinsa ke nan, kuma irin wannan karkatar ba a yi mata tiyata. Wanda ROP ta taɓa kuma yawanci akasin haka ne: nesa ce ba ya gani, shi ya sa yake manne fuska da waya ko allo.

Tabarau kaɗai yana ƙarfafa idon da ganinsa ya raunana a yara da yawa, shi ya sa likita kan ce a sa na wata uku ko huɗu tukuna kafin a ƙara wani abu. Sharaɗinsa a sa daga tashi har kwanciya. Kuɗinsa ba na rana ɗaya ba ne, don yaro yana karyawa, yana girma, lamba tana sauyawa. A nemi gilashin roba da firam mai laushi mai igiya ta ƙeya, wanda ya zauna sosai a hanci. In ya zame, yaro leƙe zai riƙa yi ta samansa, an yi asarar kuɗin ke nan.

Filasta ko ɗigo: nan ne iyaye ke da ta cewa

In idanu biyu suna aika wa ƙwaƙwalwar yaro hotuna mabambanta, sai ta yi abin da mai shago ke yi da yaransa biyu, ɗaya na kawo lissafi daidai ɗaya na kawo shirme: ta daina sauraren na biyun. Idon lafiyarsa ƙalau, amma ba a koya masa gani ba. Maganin shi ne a hana mai ƙarfin aiki na wani lokaci, dole ƙwaƙwalwa ta koma ga wanda ta yi watsi da shi.

Wannan ne ke ɗaure wa mutane kai. Na ji wata dattijuwa a bencin jira tana ce wa surukarta: "Ke Maman Abba, wane irin aiki ne wannan? Idon da maigidan nawa ke gani da shi, shi za a liƙe, a bar masa mara lafiyar?" Surukar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, haka likita ya ce." Tsohuwar ta ce, "To, mu dai je gida." Duk wanda ya san gidajenmu ya san filastar nan ba za ta kwana biyu ba. Shi ya sa nake ganin ranar da za a yi bayanin filasta, a tafi da mai faɗa a ji a gidan, ta ji daga bakin likita, ta yi tambayoyinta.

An yi manyan bincike a Amurka a kan yara 'yan shekara uku zuwa bakwai. A 2002 aka nuna ɗigon atirofin da filasta sakamakonsu kusan ɗaya ne bayan wata shida, sai dai filasta ta fi saurin fara aiki. A 2003 aka nuna in raunin matsakaici ne, awa biyu a rana ta yi daidai da awa shida, in mai tsanani ne kuma awa shida ta yi daidai da wuni guda. A 2004 aka nuna ɗigo kwana biyu a mako ya yi daidai da na kullum ga masu matsakaicin rauni. Ke nan liƙe yaro tun safe har dare ba dole ba ne ga mafi yawa.

Filasta a fata ake manna ta, a ɗora tabarau a sama. Abokin gabarta a Legas shi ne gumi. Yaro ya ɗan yi guje-guje a tsakar gida, gefenta ya ɗago, ya samu kafar leƙe, ƙasanta kuma ƙurajen zafi su feso. Dabarar ita ce da safe bayan wanka, a goge fuska ta bushe, kada a shafa mai a wurin, a zaunar da shi kan abin da ke buƙatar ido: zane, jera murafan kwalba, karatu, ko ma katun a waya, wanda a wannan awa biyun dai ya zama magani. A gida za a yi, ba a Islamiyya ba, inda yara za su laƙaba masa sunan da zai bi shi har girma. In fata ta ƙi, akwai murfin yadi da ake zura wa tabarau, tela ma zai iya ɗinkawa, amma dole ya rufe har gefe, kuma a sa ido a kan mai shi. Makon farko yaƙi ne, don an bar yaro da idon da ba ya gani sosai. In gani ya fara ƙaruwa, rigimar tana raguwa.

Ɗigo kuma a idon mai ƙarfin ake sa shi, ya dusashe masa ganin kusa. Yaro ba zai iya ɓare shi ba, ba wanda zai gani ya tsokane shi, kaka ma ba ta da abin cirewa, kuma kwalba ɗaya tana jimawa. Ga uwar da ke da yara huɗu da sana'ar abinci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma yana buɗe baƙin ido na kwanaki, rana ta dami yaro, sai da hula. A wasu yara yana kawo zafin jiki, jan fuska, bushewar baki da bugun zuciya, mu kuwa da jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce mu nufi kemis. In haka ta faru a dakatar, a gaya wa likita cewa ana sa atirofin. Danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya bayan ɗigawa yana rage abin da ke shiga jiki. Kwalbar a ɓoye ta nesa, don in yaro ya sha guba ce.

Akwai wani abu da ya shafi bakwaini musamman. Atirofin ya fi aiki ga yaron da idonsa mai ƙarfi ke buƙatar matsawa kafin ya ga kusa. Wanda nesa ce matsalarsa, kamar yawancin waɗanda aka yi wa leza, da ya ture tabarau ƙasa zai ci gaba da ganin kusa da idon da aka ɗiga wa, maganin ya tashi a banza. Haka kuma likitoci suna taka-tsantsan da shi ga ƙananan jarirai da masu matsalar ƙwaƙwalwa ko zuciya. Don haka ni a wurina filasta ce ta farko ga mafi yawan bakwaini, ɗigo kuma mafita ce in an gwada da gaske an kasa, ko in an san gidan ba zai riƙe ta ba. Ɗigon da ake sawa ya fi filastar da ke cikin durowa.

Kowanne aka ɗauka, ana komawa awo duk bayan wata biyu ko uku, domin in an wuce gona da iri idon mai ƙarfin ma yana iya raunana. Kuma ba a tsayawa rana ɗaya. Kamar ɗaya cikin huɗu na yaran da aka daina wa magani raunin yana dawowa cikin shekara, shi ya sa ake rage awoyin a hankali.

Tiyata

Kowane ido tsoka shida ke juya shi. Aikin shi ne a sassauta wadda ta cika ja, a matsar da ita baya, ko a gajarta wadda ta yi sanyi. Ba a ciro ido a ajiye a faranti kamar yadda ake ba da labari, ba a ma shiga cikinsa, a kan farinsa ake aikin. Kamar awa ɗaya ne, a sallami yaro ranar ko washegari, ido ya yi ja na 'yan makonni. Kada ku firgita in an ce za a taɓa idanu biyu alhali ɗaya kuke gani a karkace. Daidaito ake nema tsakanin biyun.

Wanda ya fi cancanta shi ne jaririn da idonsa ya shige ciki sosai tun kafin wata shida, tabarau kuma bai yi komai ba. Wannan ana so a yi masa kafin shekara biyu, don idanun su samu damar koyon aiki tare. Sai wanda tabarau ya gyara rabi ya bar rabi, a yi wa ragowar aiki ya ci gaba da tabarau ɗinsa. Wanda idonsa ke ficewa waje jefi-jefi, yana runtse ɗaya in ya fita rana, sau da yawa ana bibiyarsa ne kawai, sai in abin ya yawaita.

Abin da tiyata ba ta yi shi ne ƙara gani. Ido na iya miƙewa ƙyam, kowa ya yi barka, alhali raunin yana nan, ga shi yanzu ba alamar da za ta tuna wa iyaye. Saboda haka ake fara filasta kafin aiki, a ci gaba bayansa. Kuma ba kullum sau ɗaya ake yi ba: kamar ɗaya cikin biyar na buƙatar a sake, ga bakwainin da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu kuwa ya fi haka, don karkatarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. In likita ya auna sau biyu ko uku kafin ya sa rana, ba jan rai ba ne. Wanda ya kalli yaro sau ɗaya, bai sa ɗigo ba, ya ce a kawo kuɗin aiki, shi ne abin gudu.

Babban abin tambaya shi ne maganin barci. Bakwainin da ya daɗe a kan oksijin huhunsa na iya zama da rauni, ƙananan jarirai kuma sukan ɗauke numfashi bayan an farfaɗo da su. A tabbatar akwai likitan barci da ya saba da yara, da gadon da za a kwana ana lura da shi. A faɗi in yaro sikila ne, ko yana farfaɗiya, ko yana mura a makon. Dokar hana abinci kafin aiki kuma ba a yi mata wayo da "ɗan koko kaɗan".

Akwai allurar Botox a tsokar ido, mai sassauta tsokar da ta cika ja, wadda ma don karkatar ido aka fara amincewa da ita a Amurka a 1989, tun kafin masu gyaran fuska su karɓe ta. Ga yaro ita ma sai an sa shi barci, ƙarfinta yana gushewa cikin kamar wata uku, tana iya sauke fatar ido na ɗan lokaci, kuma ba ko'ina ake yi ba. Ban ga dalilin da iyali za su tashi nemanta ba sai in likita ne ya kawo maganar.

Ina za a kai shi

Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, cikin unguwar da Hausawa suka daɗe, kuma a ciki Cibiyar Ido ta Guinness take. Asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, yana Ikeja, ya fi kusa da mutanen Agege da Mile 12. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Agbado yana tsayawa a Agege, Ikeja da Mushin, ya rage wa masu hanyar nan wahalar gosulo da yaro a goye. Amfanin asibitin koyarwa shi ne likitan ido, na yara, na ƙwaƙwalwa da na barci duk suna wuri ɗaya, kuɗi kuma da sauƙi. Kuɗin da ba a rubuta a rasit shi ne sammako, layi, wunin da maigida ya bar kasuwa, da yajin aiki in ya faɗo. A tambayi ranar da ake ganin yara tun kafin a taso. Asibitocin ido masu zaman kansu na Ikeja da Lekki sun fi sauri, kuma likita ɗaya za ka riƙa gani, amma ka yi lissafin zuwa na shekaru, ba na rana ɗaya ba. Mai inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, ko ta tarayya ya tambaya a rubuce ko ta ɗauki tabarau da tiyata.

Wasu sun fi natsuwa da Arewa, inda za a yi musu bayani da Hausa: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA a Sabon Garin Kano, asibitin Malam Aminu Kano. Wurare ne da suka san aikinsu. Amma in a Legas yaro zai tashi, a je Kano a yi aiki lokacin hutun Sallah a dawo ba tare da mai bibiya ba, rabin magani ne. In harshe ne matsalar, ya fi arha a tafi da 'yar maƙwabta mai jin Turanci ko Yarabanci. A riƙe takardar sallama ta ɗakin jarirai, mai ɗauke da makon haihuwa, nauyi da tsawon zama a kan oksijin, don ita kowane likitan ido zai fara nema.

Wani yaron za a duba a ce idanunsa lafiya, amma yana tuntuɓe a matakala, yana ɓacewa uwarsa a taron biki, ba ya gano takalminsa a cikin na sauran yara a ƙofar makaranta. Wannan a sashen gani na ƙwaƙwalwa matsalar take, tabarau da tiyata ba sa kaiwa can, sai likitan ƙwaƙwalwar yara da malamin da zai zaunar da shi gaba ya rage masa cunkoson rubutu a shafi. Wanda kuma aka taɓa yi wa maganin ROP, ko da idonsa ya miƙe ganinsa ya yi kyau, duba ɗaya a shekara yana kansa har ya girma, domin tantanin na iya yagewa ko ɓallewa a shekarun samartaka. In ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun yawaita farat ɗaya, ko wani duhu ya rufe masa gefe, a ranar ake kai shi asibiti.